Daftari Ɗaya, Garuruwa Da Yawa: Yadda Na'urori Ke Ittifaƙi a Kan Kuɗinka

A unguwar Paspanga, cikin tsakiyar birnin Wagadugu, da wuya mutum ya yi 'yar tafiya a ƙasa bai wuce wata rumfar ƙarfe ba wadda aka shafe da fentin kamfanin waya, mai ita yana zaune da wayoyi biyu ko uku da wani littafi wanda gefensa ya yi baƙi don yawan buɗawa, jama'a kuwa suna tsayawa bisa baburansu suna miƙa takardun sefa ana mayar musu da su lambobi cikin waya, ko kuma su miƙa lambobi a ƙirga musu takardu. Galibi al'amarin yakan ƙare lafiya tun injin babur bai huce ba. Amma akwai ranar da mai aikawa zai ga saƙo a wayarsa cewa an cire jika 20 daga asusunsa, ya kira ɗan'uwansa a Bobo-Dioulasso, shi kuwa ya rantse ko dala ba ta shigo ba, mai rumfa ya duba tasa wayar, ya ce, "Alhaji, rezo ne, a yi haƙuri, za su shiga." Mutum uku ke nan, babu maƙaryaci a cikinsu, ga shaida rubutacciya a hannun kowa, amma maganarsu ta ƙi haɗuwa.

Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce, a cikin waɗannan mintoci kuɗin suna ina? Amsarta tana cikin wani fanni na ilmin kwamfuta wanda masana suka yi kusan shekara 50 suna warwarar mas'alolinsa, watau yadda na'urori masu yawa, waɗanda ke zaune a wurare masu nisa da juna, kowace da nata kwafin daftari, za su yi ittifaƙi a kan abin da ke rubuce, da kuma irin alkawarin da suke iya ɗaukar wa mai tambaya kafin ittifaƙin ya kammala. Wannan alkawari shi ake kira tsarin daidaito, yana kuwa da darajoji, daga mai tsanani zuwa mai sassauci, kuma kowace daraja da farashin da ake biya kafin a same ta.

Mas'alar ta girmi kwamfuta

Hausawan da suka fara zama a ƙasar Mosawa fatake ne, waɗanda ayarinsu ke tashi daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu, ya ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa har ya sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, ya juyo da goro, tafiyar da kan ci watanni kafin a ga gida. A kowane zango akwai maigida mai saukar baƙi, wanda ke ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya musu a kan bashi. Saboda haka bashin da aka ƙulla a Salaga yana iya zama a Kano za a biya shi, alhali wanda zai karɓa ba shi da labarin abin da ya gudana sai ranar da madugu ya iso. Shari'a ta riga ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, a cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, malaman fiƙihu kuma suka buɗe babin hawala domin bayyana sharuɗɗan mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani. Abin da ya rage wa 'yan kasuwa su warware da dabararsu shi ne sha'anin nisa: rubutu yana nan, rubutu yana can, tsakaninsu kuwa akwai daji.

Zangouettin, wadda ita ce unguwar zango mafi shahara a Wagadugu, an rushe ta a 2003 cikin shirin ZACA na sake gina tsakiyar birnin, mutanenta suka watsu cikin wasu unguwanni. Amma zumunci da ciniki tsakaninsu da Yamai da Maraɗi da Kumasi da Kano ba su yanke ba, sai dai yanzu waya ce ke ɗauke da abin da jaki ke ɗauka a dā, ta hanyar Orange Money da Moov Money da bankuna. Tazarar labari ta ragu daga watanni zuwa ƙiftawar ido, sai dai ba ta gushe ba, kuma duk saɓanin da ake gani a cikin wannan 'yar tazara yake zaune.

Mai karatu yana iya cewa, to me ya hana a ajiye daftari guda a wuri guda a huta? Wanda ya tuna gobarar da ta ci Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, a watan Mayu na 2003, har ta zauna a rufe sai 2009, ya san abin da ke samun dukiyar da aka tara wuri ɗaya. Na'ura tana lalacewa, wuta tana ɗaukewa, gini yana ƙonewa. Ban da wannan, na'ura ɗaya ba ta iya amsa wa miliyoyin mutane a lokaci guda, kuma wanda ke nesa da ita zai daɗe yana jira. Domin haka tilas ne a yi kwafi da yawa a rarraba su. Da zarar kuwa kwafi ya zama biyu, an buɗe ƙofar saɓani.

Attajiri mai magatakarda biyu

Mu ƙaddara wani attajiri yana da ajiyar sefa 100,000, yana kuma da shago a Wagadugu da wani a kasuwar Pouytenga, kowane shago da magatakarda da littafinsa, an kuma yarda 'ya'yansa su karɓi kuɗi daga kowane ɗaya. Wata safiya babban ɗan ya shiga shagon Wagadugu ya nemi 80,000, ƙaraminsa kuma a daidai wannan sa'a ya shiga na Pouytenga ya nemi 80,000. Idan kowane magatakarda ya dogara ga littafinsa kaɗai, zai ga 100,000 a rubuce, ya biya da zuciya ɗaya, da yamma kuwa in aka yi muƙabalar littattafan a tarar an fitar da 160,000 daga ajiyar da ba ta wuce 100,000 ba, ba tare da ɗayansu ya ci amana ko ya yi kuskuren lissafi ba.

Maganin da ya fi kusa shi ne a shar'anta musu cewa kada wanda ya biya ko ya rubuta kome sai ya kira ɗan'uwansa sun daidaita. Wannan yana toshe ɓarna, amma yana jawo abu biyu: kowane mai karɓa zai tsaya jiran kiran waya, sa'an nan ranar da layi ya yanke, shagunan biyu ba mai biyan kowa, ko da kuɗi na cikin akwati. Akwai kuma hanya ta tsakiya, watau a ce in layi ya yanke kowane magatakarda yana da izinin biyan abin da bai wuce 10,000 ba, a rubuta, a daidaita daga baya. Duk abin da injiniyoyin manyan rumbunan bayanai ke yi a yau yana komawa ga ɗayan waɗannan hanyoyi uku, sai dai su magatakardansu na'urori ne, kuma ciniki dubbai ke wucewa ta hannunsu cikin daƙiƙa guda.

Darajojin alkawari

Daraja mafi ɗaukaka ita ce daidaito mai tsanani, wanda Maurice Herlihy da Jeannette Wing suka tsara ƙa'idarsa a 1990. Ma'anarsa, ko da kwafin ya kai ɗari, jama'a za su ga kamar daftari ɗaya ne tak: da zarar an ce wa mutum rubutunsa ya shiga, duk wanda ya duba bayan wannan lokaci, a kowane gari yake, lalle ne ya ga sabon rubutun ko wanda ya biyo bayansa, ba tsohon ba. Wannan shi ne abin da asusun kuɗi ke bukata, da rajistar fili, da kujerar jirgi, da duk abin da in aka sayar wa mutum biyu za a kwana gaban alƙali.

Ƙasa da shi kaɗan akwai daidaiton tartibi, wanda Leslie Lamport ya bayyana a 1979. A nan an yarda labari ya makara, amma ba a yarda jerin ya saɓa ba: kowa zai ga abubuwan da suka gudana bisa tartibi guda, wanda bai karya jerin da kowane mai rubutu ya bi ba, ko da wani ya gan su bayan wani. Magatakardan Pouytenga yana iya kasancewa a baya da layi uku, amma ba zai taɓa ganin fitar kuɗi ta riga shigarsu ba matuƙar na Wagadugu ya ga shiga ta riga fita.

Sa'an nan sai daidaiton sababi, wanda asalinsa ke cikin wata maƙala da Lamport ɗin ya buga a 1978 a kan lokaci da agogo da jerin al'amura, inda ya nuna cewa a tsakanin na'urori masu nisa ba kullum ake iya cewa wannan ya riga wancan ba, sai in ɗayan ne ya haifar da ɗayan, ko labarinsa ya isa gare shi. A wannan daraja abin da aka lamunta kawai shi ne sababi ya riga abin da ya sabbaba. A zauren zumunta na waya, inda dangi daga Wagadugu da Maraɗi da Makka ke haɗuwa, ba laifi in gaisuwar mutum biyu da ba su san da juna ba ta iso wa wani a jere dabam da yadda ta iso wa wani; amma aibi ne babba mutum ya ga ta'aziyya kafin ya ga sanarwar rasuwa.

Daraja ta ƙarshe ita ce daidaito a ƙarshe, wanda alkawarinsa bai wuce wannan ba: in aka daina sabon rubutu, wata rana dukan kwafin za su zama ɗaya, amma ba a faɗi yaushe ba, kafin nan kuma kowa yana iya ganin abin da ya samu. Mai ji zai ce wannan ai ba alkawari ba ne, alhali kuwa a kansa aka gina babban sashe na intanet. A 2007 injiniyoyin kamfanin Amazon suka bayyana wani rumbu nasu mai suna Dynamo, wanda suka gina bisa niyyar kada a taɓa hana mai sayayya jefa kaya cikin kwandonsa, ko da na'urori sun rabu da juna. In daga baya aka tarar da kwando biyu masu saɓani sai a haɗe su, suka kuma faɗa da bakinsu cewa wannan yakan sa kayan da mutum ya cire su sake bayyana. Sun auna sun ga cewa mai saye ya sake cire abu ɗaya ya fi sauƙi bisa a mayar da shi daga bakin ƙofa. Haka nan adadin waɗanda suka yaba wa hoto a Facebook, in wani ya ga 310 wani ya ga 312, ba wanda ya yi asara.

Domin rage ɗacin wannan sassauci, masu bincike a cibiyar Xerox PARC ta Kalifoniya, cikin aikinsu mai suna Bayou, suka kawo wasu ƙananan lamuni a 1994, waɗanda biyu daga cikinsu kowa ya san zafin rashinsu ko bai san sunansu ba. Na farko, wanda ya yi rubutu ya ga rubutunsa, ko da sauran duniya ba su gani ba tukuna. Na biyu, wanda ya riga ya ga sabon labari kada a komar da shi ga tsoho. Mutumin da ya zuba kuɗi, ya duba ya ga sun shiga, ya sake dubawa ya ga babu, sa'an nan suka dawo, ba aljanu ne suka taɓa asusunsa ba: tambayarsa ta farko ta faɗa kan kwafin da ya ji labari, ta biyu ta faɗa kan wanda bai ji ba.

Ranar da igiya ta tsinke

A shekarar 2000, a wani taron masana a birnin Portland na Amurka, Eric Brewer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya gabatar da wani zato, wanda Seth Gilbert da Nancy Lynch na jami'ar MIT suka kafa wa hujja ta lissafi a 2002, ya zama abin da ake kira ƙa'idar CAP. Taƙaitaccen bayaninta shi ne abin da ya sami magatakardan nan biyu: idan sadarwa ta yanke tsakanin na'urori, ba zai yiwu a haɗa daidaito mai tsanani da amsa wa kowa ba. Ko dai na'ura ta ƙi amsawa domin ba ta da yaƙini, ko ta amsa da abin da ke hannunta wanda la'alla ya tsufa. Babu wayo ko yawan kuɗi da zai fitar da mutum daga wannan, domin hukunci ne na hankali, ba gazawar ƙira ba.

Yankewar kuwa ba tatsuniya ba ce ga mutanen wannan yanki. Burkina Faso ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta yana shigowa ne ta wayoyin da suka ratso ƙasashen gaɓa irin su Kwaddibuwa da Gana da Togo. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, sadarwa ta raunana ƙwarai a Kwaddibuwa da Laberiya da Benin da Gana da Burkina Faso, har wasu bankunan Nijeriya suka ba abokan cinikinsu haƙuri, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana ake gane inda daftarin kowace hidima yake kwana: wadda na'urorinta ke cikin gida ba ta bukatar teku kafin ta rubuta ciniki tsakanin Paspanga da Dapoya, wadda kuwa sai ta nemi izini daga wata na'ura a Turai, dole ta zaɓa tsakanin yin shiru da yin magana bisa zato.

Wani abin da ya faru a Amurka ya nuna yadda ƙaramar yankewa ke haifar da doguwar wahala. A ranar 21 ga Oktoba, 2018, sadarwa ta yanke na daƙiƙa 43 kacal a wata cibiyar kamfanin GitHub da ke gabashin ƙasar. Na'urorin kamfanin da ke yammacin ƙasar suka ɗauka na gabas sun mutu, suka karɓi ragama suka fara rubutu, alhali na gabas suna riƙe da wasu rubuce-rubucen da ba su riga sun aika ba. Da layi ya dawo sai ga daftari biyu, kowane da abin da ɗayan ba shi da shi. Kamfanin ya zaɓi ya tsare amincin bayanai bisa gaggawar komawa aiki, aka yi sa'a 24 da minti 11 kafin al'amura su daidaita.

Ko da igiya ba ta tsinke ba, nisa kansa yana da haraji. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, tsakanin Wagadugu da Paris kuwa akwai wajen kilomita 4,000 a miƙe. Ke nan zuwa da dawowa ba zai kasa kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, ko da an ja zaren a miƙe, balle ga shi sai ya gangara teku ya kewaya. Wannan ƙaramin abu ne ga ɗan Adam, amma in kowane rubutu sai ya yi wannan tafiya sau biyu ko uku, ciniki kuma dubbai ne a layi, jiran yakan taru ya zama abin da ake ji a jiki. Daniel Abadi ya jawo hankali ga wannan a 2012, cewa zaɓin yana nan kullum: ranar yankewa tsakanin daidaito da amsawa, ranar lafiya tsakanin daidaito da sauri.

Rinjaye da agogo

Dabarar da ta fi yaɗuwa wajen samun daidaito mai tsanani ba tare da an rataya kome a wuyan na'ura ɗaya ba ita ce hukunci da rinjaye. A ajiye kwafi 5, a ce rubutu bai tabbata ba sai 3 daga ciki sun shaida sun karɓa. Hikimar tana cikin lissafi mai sauƙi: in ka ɗebi 3 daga cikin 5 sau biyu, lalle ne a sami aƙalla ɗaya da ya shiga duka ɗiban, saboda haka babu yadda za a zartar da hukunci biyu masu karo da juna ba tare da wani mashaidi ya san da dukansu ba. In layi ya raba su gida biyu, 3 a nan 2 a can, ɓangaren 3 ya ci gaba da aiki, na 2 ya dakata har a sadu. A kan wannan asasi Lamport ya gina hanyar da ya kira Paxos, wadda aka buga a 1998, kana Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka fito da Raft a 2014 domin a sami wadda ta fi sauƙin fahimta.

Kamfanin Google ya ƙara wani abu a rumbunsa mai suna Spanner, wanda ya bayyana a 2012. Da yake agogon na'urori ba sa taɓa yin daidai da juna sarai, sai suka sa agogon atom da na'urorin karɓar lokaci daga taurarin ɗan Adam na GPS a cibiyoyinsu, suka kuma sa kowace na'ura ta riƙa faɗin lokaci tare da iyakar shakkarta, wadda galibi ba ta kai kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Kafin a ce wa mutum rubutunsa ya tabbata, sai na'urar ta dakata har wannan shakka ta wuce. Kamfanin da ya fi kusan kowa na'urori da dukiya bai sami hanyar sayen yaƙini ba sai da jira.

Ba kuma kullum bankuna ke tsayawa kan tsanani ba. Brewer da kansa, a wata maƙala ta 2012, ya kawo misalin na'urar cirar kuɗi wadda, in ta rabu da uwar daftari, ana iya barinta ta ci gaba da biya har zuwa wani ƙaramin adadi, domin bankin ya lissafa cewa asarar da za ta iya aukuwa ƙididdigagga ce, ana kuma iya bin wanda ya ci fiye da nasa daga baya. Hanyar tsakiya ke nan ta attajirinmu. Gwanintar injiniya ita ce ya san wace mas'ala ke ɗaukar rangwame, wace ce kuma ba ta ɗauka.

Tsakanin gida biyu

Duk abin da ya gabata ya shafi kwafin daftari guda a hannun kamfani guda. Wahalar takan ninka idan kuɗi za su tashi daga wani gida zuwa wani, daga banki zuwa asusun waya, ko daga wani kamfani zuwa kishiyarsa, domin a nan daftari biyu ne masu iyayengiji biyu, ana kuwa so a cire a nan a zuba a can kamar aiki ɗaya, ko dai duka su auku ko kada ɗaya ya auku. Jim Gray ya bayyana hanyar yin haka a 1978, mai mataki biyu: da farko mai shiga tsakani ya tambayi kowane ɓangare ko ya shirya, su riƙe kuɗin su amsa, in duka sun amsa, sa'an nan ya ba da umarnin zartarwa. Rauninta sananne ne, watau in mai shiga tsakani ya faɗi bayan an amsa masa kafin ya ba da umarni, kuɗin sukan maƙale, ba su ga mai aikawa ba su ga mai karɓa. Mafi wuyar duka shi ne saƙon da ya tafi ba a ji amsarsa ba, domin mai aikawa ba shi da hanyar bambancewa tsakanin saƙon da ya ɓace a hanya da wanda ya isa aka yi aiki da shi amma amsar ce ta ɓace. In ya sake aikawa yana iya biya sau biyu, in ya mayar wa mai kuɗi kuɗinsa yana iya zama an riga an biya a can.

Wannan shi ne dalilin doguwar lambar nan da ke zuwa cikin kowane saƙon ciniki, wadda mai rumfa ke kwafewa cikin littafinsa tare da lambar waya da adadi. Da ita na'ura ke gane cewa umarnin da ya zo mata yanzu maimaicin na ɗazu ne, ta ƙi zartar da shi sau biyu. Da ita kuma ake muƙabala tsakanin gidajen biyu, a bi ciniki ɗaya bayan ɗaya, wanda aka cire ba a zuba ba a ƙarasa shi ko a mayar. Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, kuɗin da suka bar asusun mai aikawa ba su isa na mai karɓa ba galibi suna rubuce a wani asusun tsakiya, suna jiran ɗayan hukunci biyu.

Hukumomi ma sun shigo da nasu sharuɗɗan. Babban bankin ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, BCEAO, wanda hedkwatarsa ke Dakar, alhali hukumar tarayyar waɗannan ƙasashe, UEMOA, tana nan Wagadugu, ya kafa tsarin STAR-UEMOA a 2004 domin manyan biyan kuɗi tsakanin bankuna, inda ake zartar da kowane biya shi kaɗai nan take; a 2015 ya fitar da umarnin da ya wajabta wa masu fitar da kuɗin waya su ajiye kwatankwacin duk abin da ke cikin wayoyin jama'a a asusun banki keɓaɓɓe; a ƙarshen Satumban 2025 kuma ya ƙaddamar da dandalin PI-SPI domin aika kuɗi nan take tsakanin bankuna da kamfanonin kuɗin waya da ƙananan cibiyoyin bashi. A Nijeriya, inda NIBSS, cibiyar biyan kuɗi tsakanin bankunan ƙasar, ta fara irin wannan aiki tun 2011, Babban Bankin ƙasar ya yanke a 2020 cewa kuɗin da na'urar cirar kuɗi ta wani banki ta riƙe ba ta bayar ba a mayar wa mai su cikin sa'a 48. Wannan doka ta ƙarshe tana da ma'ana mai zurfi, domin ta ɗauki alkawarin "a ƙarshe" ta yanka masa wa'adi.

Abin da ya rage ga mai waya

Daga wannan bayani ana iya fitar da 'yan hukunce-hukunce masu amfani. Saƙon da ke shigowa waya labari ne game da daftari, ba shi ne daftarin ba. Yana iya makara, yana iya zuwa sau biyu, mazambata kuma suna iya ƙirƙirarsa, saboda haka mai sayar da kaya ya duba ragowar asusunsa da kansa kafin ya saki kaya. Wanda ya aika bai ji amsa ba kada ya yi gaggawar maimaitawa, domin sabon aike sabuwar lamba gare shi, na'ura kuwa za ta ɗauke shi ciniki na biyu. Ya fara duba asusunsa, ya adana lambar cinikin farko, da ita zai kai ƙara. Idan kuma na'ura ta ce ba za ta iya ba yanzu, sau da yawa ta ƙi ne domin ba ta da tabbacin abin da 'yan'uwanta suka rubuta, ƙin nan kuwa ya fi alheri ga mai dukiya bisa amsar da za a zo ana warwarewa gobe.

Sai dai wannan ba uzuri ba ne ga kamfanoni. Ilmin ya tabbatar da cewa jinkiri da saɓani na ɗan lokaci ba su da makawa, amma bai ce a bar mutum cikin duhu ba. Haƙƙin mai ajiya ne a gaya masa a fili, da harshen da yake ji, wane hali cinikinsa ke ciki, ko ya tabbata, ko ya faɗi, ko yana rataye. A gaya masa iyakar kwanakin da ratayar za ta ɗauka. A kuma mayar masa da kuɗinsa in wa'adin ya cika ba tare da ya yi ta safa da marwa tsakanin rumfa da ofis ba. Fataken dā sun riƙe amanar juna tsakanin Kano da Gwanja da tazarar watanni domin kowa ya san sharaɗin da aka ƙulla da wanda zai tsaya in an saɓa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu rumfunan kuɗi, a Wagadugu da sauran garuruwa, suna da ƙarfin neman a rubuta musu waɗannan sharuɗɗa a kuma lazimta wa kamfanoni cika su, tun da su ne ke tsaye gaban mai kuɗi ranar da daftarori suka saɓa.